Rabin Alif Daga Argungu

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi, kuma ina roƙonku masu karatu ku yi mini uzuri in kun ga maganata tana tsalle yau. Labarin abin da ya same ni tun ranar Laraba zan ba ku.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sadiyatu, 'yar Malam Tukur mai makaranta a Ƙofar Atiku, cikin birnin Sakkwato. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da Nasara suka zauna a garin nan, ni ban ma san lokacin da babu su ba. Mu biyu ne wurin Inno mahaifiyarmu, ni da yayana Lawwali. Ni na gaji alƙalamin Baba, har kwafar littafi yake ba ni in aiki ya yi masa yawa. Yaya Lawwali kuwa, Allah Ya shirya, shekara bakwai ya yi a gaban allo ya fito da rubutu kamar kaza ta taka tawada. Daga nan ya tsere kasuwa wurin Na'Allah mai gyaran keke, wanda 'yan keken garin nan suka naɗa Sarkin Keke. Har yau in Baba ya ga keken Yaya a jingine a zaure, sai ya tattare rigarsa ya raɓa ta gefe don kada ta taɓa shi.

Ta hanyar Yaya na san Jibrin. Masinja ne a barikin Nasara, dogo, baƙi, mai kaki da jar dara, kullum ƙafar wandonsa ta dama a ɗaure da kaba don kada kaca ta ci. A kan keke babu mai kamo shi a garin nan. Amma ku sauko da shi ku ce ya yi sallama, sai tausayi ya kama ku. In'ina gare shi mai tsanani, irin wadda jijiyar wuya ke tashi, ido ya kawo ruwa, kalmar kuma ta ƙi fita. Ranar da ya fara zuwa zance, daga la'asar har aka kira magariba kalma huɗu ya samu ya fitar, biyu daga ciki gaisuwa ce. Na koma ɗaki na yi dariya har da riƙe ciki, Allah Ya yafe mini.

Washegari Yaya ya kira ni bayan rumbu, ya zare robar hannun kekensa, ya zaro wata 'yar takarda a naɗe daga cikin ramin ƙarfen.

"Ungo. In Baba yag gani, ban san ki ba, ba ki san ni ba."

Ashe mutumin da bakinsa ya ƙi shi, alƙalami ya so shi. Ajaminsa tsaf, wasali cikakke, ga ban dariya. Shekara guda ke nan takardu suna shiga ramin nan suna fita, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son Jibrin son da ni kaina yake ba ni tsoro.

Akwai wasiƙarsa guda da na haddace kamar karatu. Na tambaye shi ne me suke samu a wannan wahala ta fita da keke gari ya gari, sai ya rubuto:

"Kin tambaye ni abin da muka samu ga wagga wahala. To saurara. Sau huɗu ga shekara Sarkin Keke shika tara mu, kuma kowace hita da halinta. Ta Wurno ta masu koyo ta. A hita da sahe, a yi ziyara, a ɗauro albasa, a dawo kahin magariba. Ko Baba Malam anka ɗora bisa keke shina iya ta. Ta Ƙonni wajen Faransa kuwa, kak ki bari wani naki shi je. Rairayi na tun daga Gwadabawa, rabin hanya keke shi ɗauke ka, rabin hanya kai ka ɗauke shi, in kun isa kuma sojan Faransa shi tsare ku shina tambayat takarda. Ta Gusau kwana ukku ta, ta mazaje, da kuraye bayan Talata Mafara, amma wanda yak kai shina ganin jirgin ƙasa da idonai. Na gan shi. Shi ma in'ina garai, kahin shi tashi sai shi yi ta ci-ci-ci, sai nij ji na samu ɗan'uwa. Amma in mutum hita guda za shi yi ga rayuwatai, to ta Argungu ta. Mil sittin, yini guda, ana yin ta in ruwa ya ɗauke ƙasa ta daddale. Gulbi na hannun dama bai rabuwa da kai, ga inuwa, ga nono ga kowace ruga, ga kihi shina jiranka. Wuri guda ɗai na mugu, gangaren hwararen duwatsu na Kalambaina. Don shi Sarkin Keke yak kahwa doka, ba a hawa da babbar riga, kaca ba ta san mai daraja ba."

Ku riƙe wannan layin na ƙarshe. Ni da na haddace shi, ni ce na manta da shi.

Da manyan Jibrin suka zo neman aurena, Baba ya ce maganata ba a hannunsa take ba. Tun ina cikin zanen goyo ya ba yayansa ni, Baffa Dodo, malami a Argungu, mutumin da sunansa ya dace da shi. Ko Baba da furfurarsa ba ya zama a buzu ɗaya da shi. Aka aika masa, bayan kwana tara amsa ta zo, Baba ya karanta mana a tsakar gida:

"Na ji an ce yaron bai iya haɗa magana, kuma Nasara shika wa aiki. In da gaske shika yi, shi zaka shi hwaɗi da bakinai gabana kahin watan ga shi mutu. In bai iyawa, a bar maganag ga har abada."

Inno ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗen da take yi ba.

"To kin jiya. Ki hidda shi ga ranki tun da wuri. Namijin da bai iya kiran sunanki, kullum shina bisa ƙarhe mai ƙahwa biyu wanda ko tsayawa bai iyawa shi kaɗai, mi za ki yi da shi?"

"Inno, shina da hankali."

"Hankali ka yi wa Baffanki magana? Ke dai kin cika taurin kai."

A raina na ce ai ba a ƙasa na tsince shi ba.

Sai Allah Ya sa fitar Argungu ta faɗo a cikin watan, kuma ita kaɗai ce tafiyar da bariki zai ba Jibrin izini ya yi a watan. Ya rubuto mini cewa zai je, zai faɗi, ko da zai kwana a kan kalma ɗaya. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina. Na zauna na yi ta tunanin Baffa Dodo da yadda ya tsani duk abin da ya fito daga bariki, sai na ɗauki alƙalami na rubuta masa: "Kada Baffa ya gan ka da kakin Nasara. Ka sa babbar riga."

Wallahi nufina ya naɗe ta a kariya, wurin ɗora kaya a bayan keke, in ya isa ƙofar Argungu ya sa. Kalma uku kacal na rage, "in ka isa". Na ɗauka kowa zai gane.

Ranar Laraba da sassafe ina shara na ji ƙararrawa suna tahowa daga wajen kasuwa. Su goma sha biyu ne, kuma ta lungunmu hanyarsu ta bi. Na yar da tsintsiya na manna ido a tsagar ƙyauren zaure. Ga Na'Allah a gaba da famfo a rataye, ga Yaya da gorar ruwa da kilishi a ƙunshe a kariya, kowa da 'yar shara da wando a ɗaure. Sai na ji ƙararrawa sau uku a jere, alamarmu ke nan ni da Jibrin.

Farar babbar riga ce a jikinsa, sabuwa fil, da aikin shuɗin zare a wuya. Ya tattare ta ya ƙulle a ƙugu, amma tun a nan gefe ɗaya ya zame yana lilo a saitin tayar baya. Ya waiwayo wajen ƙofarmu yana murmushi, wai shi ya yi abin da aka ce.

Na buɗe baki in kira shi. Ɗaliban Baba manya guda shida suna zaune a zauren da littattafansu, Baba yana tsakiya. Ta yaya 'yar Malam za ta ƙwala wa namiji kira a kan hanya? Na tsaya ina kallo har farin ya sha kwana. Ranar na gane abin da Jibrin yake ji in magana ta tsaya masa a wuya.

Yinin Laraba da na Alhamis ban san yadda suka wuce ba. Na zuba gishiri sau biyu a miya. Na kwafi shafi guda na Baba na tsallake layi uku. Duk ƙarar da na ji a waje sai in ruga in leƙa ta tsagar ƙyaure, ko da maƙeri ne yake bugun ƙarfe a bayan gida. In na rufe ido ba abin da nake gani sai gefen rigar nan yana lilo. Inno tana lura da ni. Ita ma nata ɗan yana kan hanyar, amma Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba tun da na yi wayo. Iyakarta ta ce "wancan" ko "yayanki". Sai dai na ga ta fita bakin zaure sau uku wai tana neman akuya, alhali akuyar tana ɗaure a gabanta.

Ranar Juma'a da hantsi Gwaggo Dije dillaliya ta yi sallama da tallan zannuwa da kwalli da turare. Ta baje wa Inno wani baƙin saƙi tana yabon rininsa, da Inno ta shiga ɗaki ɗauko nata don a gwada, sai Gwaggo ta cusa mini wani abu a hannu.

"Motaw wasiƙu ta zaka daga Argungu. Direba ya ba maigidana ga gidan waya, yac ce a ba ƙanwal Lawwali."

"Gwaggo, mi yac ce? Lahiya suke?"

"Ɗiyata, direban ko ruwa bai sha ba, ya wuce Gusau."

Na shige bayan rumbu. Takardar wata 'yar yage ce, duk maiƙo. Da ganin rubutun na san ba hannun Jibrin ba ne, hannun Yaya ne. Babu bisimilla, babu gaisuwa, babu wasali ko ɗaya. Layi guda ne a karkace:

"Jibrin ya faɗi. Sai Asabar."

Ku da kuka saba da boko, kalmar ɗaya ce a idonku, to bari in yi muku bayani. A ajami, in mutum ya faɗi magana, fa ce da ɗa kawai. In kuwa ƙasa ya faɗi, ana ja, sai an tsayar da alif a tsakaninsu. Sanda ɗaya ce tsaye, ita ta raba mai magana da mai karaya. To a takardar Yaya, tsakanin fa da ɗa akwai wani abu. Daga ƙasa ya tashi kamar alif, yana kaiwa rabi sai ya dame ya zama dabbaren tawada.

Na ɗaga ta a rana. Na juya ta baya. Na karkata ta, na matso da ita har hancina. In na kalla ta nan sai in ga alif ƙiri-ƙiri, in ga Jibrin kwance a kan fararen duwatsu. In na kalla ta can sai in ce a'a, alƙalami ne ya ɗiga, ya je ya faɗi, Baffa ya ji. To in lafiya yake, me ya hana shi rubutowa da hannunsa? Na zauna a gindin rumbun ina ta juya wannan tambayar. Gabana dai ya faɗi, shi kam da alif ɗinsa cikakke.

A duk Ƙofar Atiku mutum ɗaya ne ya fi ni sanin rubutu, kuma shi ne mutumin da bai kamata ya san ana rubuto mini ba. Na yi ta kai da kawo har aka sauko daga masallaci. Daga ƙarshe tsoron da nake ji wa Jibrin ya fi tsoron da nake ji wa kaina. Na yafa mayafi na yi sallama a ɗakin karatun Baba. Yana zaune a buzu bai ko cire rawani ba, yana fiƙe alƙalami. Na durƙusa na ajiye takardar a gabansa.

Ya karanta. Ya dube ni.

"Tun yaushe aka rubuto maki?"

"Wagga Yaya yar rubuto, Baba."

"Ba ita nit tambaya ba."

"Shekara guda."

Na jira tsawa, ba ta zo ba. Ya ɗauki takardar ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa, har ya shafa wurin da farcensa.

"An rubuta alif," in ji shi, "an kuma sa yatsa an goge. Ga sawun yatsan nan. Ko kuskure yay yi yag gyara, ko gaskiya yar rubuta yaj ji tsoro. Shekara bakwai ina koya wa yayanki alif, yau ga abin da yas saka mani da shi."

Nan kuka ya ƙwace mini. Na gaya masa komai, dokar Sarkin Keke, gangaren Kalambaina, da rigar da na sa Jibrin ya sa.

"Baba, nuhina in ya isa. Ban dai rubuta ba."

Baba ya ninke takardar ya miƙo mini.

"To ke da kinka rage kalma ukku, kak ki ga laihin wanda yar rage rabin alif. Tashi ki yi salla."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar ta zo. Tun da hantsi Inno ta sa aka daka fura mai yawa, ta sa yaji da kanta, ba ta ce ta wane ne ba. Ni ko wanka sai da ta yi mini magana sau biyu. Na ɗaura tsohon zanena mai ratsin ja, ban sa kwalli ba, na zauna a kan turmi kusa da zaure na kasa kunne. Azahar ta wuce. Aka yi la'asar, inuwar katanga ta kai bakin rijiya. Sai can na ji ƙararrawa. Ba irin ta ranar Laraba ba ce mai gasa da juna, guda ɗaya ce, ana kaɗa ta don mutane su ba da hanya.

Ban san na fita ba sai da na ji Inno ta jefo mini mayafi a ka daga baya. Na tsaya a bakin zaure ina ƙirga su da leɓe. Na'Allah, ɗaya. Biyu, uku. Na kai goma sha ɗaya, na sake farawa, na sake samun goma sha ɗaya. Kekuna kuwa goma sha biyu ne. Yaya ne a ƙarshe, hannu ɗaya a kan nasa, ɗayan yana jan wani keke da babu kowa a sirdinsa. A hannun keken na hagu an naɗa wani tsumma. Fari ne a da, ya koma ruwan ƙasa, amma na gane shuɗin zaren.

Ban gaishe shi ba. Ban bari ya sauka ba.

"Yaya, alif na ko ba alif ba?"

Ya dube ni da jajayen idanu, leɓensa duk ya tsage.

"Duk biyun na."

Baba ya fito ya ce a shigo zaure, mutane suna kallo. Yaya ya zube a tabarma, ya shanye furar da Inno ta turo ba tare da ta leƙo ba, sannan ya fara.

"Tun kasuwa Sarkin Keke yac ce shi tuɓe rigag ga. Yaƙ ƙiya. Yay yi ta nuna ƙirjinai shina 'i-i-ita tac ce'. Munka kai gangaren Kalambaina, iska yab buɗe ta, kaca tac cahe. Baba, sama yat tashi. Hannun hagu yak karye, dutse yat tsage mai cinya. Munka ce shi koma, ga gari nan ana hange. Yak kaɗa kai. Yas sa munka yage rigar munka ɗaure cinyar, sauran munka ɗaure mai hannu ga keken. Hakanan yat tuƙa. Tahiyay yini guda ta zame muna yini da rabi, sai ga wani ƙauye bakin gulbi munka kwana."

Na toshe bakina da mayafi.

"Da munka isa ranar Alhamis, bai yarda an kai shi ga mai ɗori ba sai da yat tsaya gaban Baffa, da rabin riga da jini. Daga azahar yaf fara. Ga sunanki ɗai yak kusa yin rabin sa'a, sa-sa-sa. Wani ɗalibi yaz zaka shi ƙarasa mai, Baffa yaɗ ɗaga hannu yac ce duk wanda yat taimake shi shi bar mai gida. Ana kiran la'asar yaƙ ƙare. Ya hwaɗi sunanai, da na ubanai, da abin da yak kawo shi. Sannan yaz zube."

"To don mi kag goge alif?" Ban san na ɗaga murya a gaban Baba ba.

"Mota za ta tashi, direba shina ta ƙara. Na sa alif don ya hwaɗi ƙasa, sai nit tuna ya hwaɗi magana kuma. Sai nig goge rabi, don ki gane duk biyun."

Jama'a, da muciya tana kusa da ni da na rotsa masa kai. Kwana guda da yini ina mutuwa ina dawowa, ashe shi a ganinsa hikima ya yi.

"Shina ina yanzu?" Baba ya tambaya.

"Ɗakin Baffa. Baffa da kanai yab ba shi gadonai. Keken na bariki na, shi yas sa munka dawo da shi." Ya zare robar hannun kekensa, ya zaro takarda. Sai a lokacin na lura ya ƙi haɗa ido da ni. "Yau da asuba Baffa yab ba ni, yac ce sai hannunka, Baba."

Baba ya warware ta, idonsa ya bi layukan. Na ga gemunsa ya motsa. Sai ya miƙo mini.

"Karanta. Ke ta mai alif."

Hannun Baffa Dodo ne, kowane harafi a zaune, kowane wasali a wurinsa. Faɗi na farko da alif dogo tsaye, na biyu babu. Na karanta a bayyane:

"Yaron ya hwaɗi ga hanya, kuma ya hwaɗi gabana. Na jiya, na ba shi auren. Amma ciwon cinyar ya hau, zazzaɓi ya kama shi tun jiya. Mai ɗori ya yi nashi, ya hana a motsa shi. Shina ta kiran sunan yarinyar, kuma ba shi in'ina. Abin ga bai yi mani daɗi ba. Ku kawo ta, kak ku jira mota."

Shekara guda ina roƙon Allah Ya sa in ji Jibrin ya kira sunana tiryan-tiryan, ko sau ɗaya. Ban taɓa zaton ranar da zai iya, ita ce za ta fi ba ni tsoro ba.

Mota sai Alhamis. Jaki kwana uku ne, in bai yi gardama ba. Doki kuwa ba mu da shi. Baba ya miƙe a hankali ya fita bakin ƙofa inda keken Yaya yake a jingine. Ya tsaya a kansa. Sai na ga ya miƙa hannu, hannun da bai taɓa taɓa ƙarfen nan ba, ya ɗora tafinsa a kan kariya ya danna da ƙarfi, ya sake dannawa.

"Ƙarhen ga shina ɗaukam mutum biyu?"

"Shina ɗauka, Baba."

"In kunka hita da asuba?"

"Kahin magariba, in Allah Ya yarda."

Sai muka ji murya daga bayan ƙyaure.

"Lawwali."

Duk muka waiwaya, har Baba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakin Inno ba. Tana tsaye riƙe da ƙwaryar fura, idonta a ƙasa.

"In kunka kai gangaren nan, ku sauka ku bi shi da ƙahwa. Ka jiya?"

"Na jiya, Inno."

Ta ajiye ƙwaryar, ta zaro zaren kaba daga tabarmar da take saƙa, ta durƙusa a gabana. Ta tattare gefen zanena ta ɗaure a ƙwaurina, ta ja, ta kwance, ta sake ɗaurewa tam, tana gwada yadda za ta yi mini da asuba.

Ban taɓa hawa keke ba. Mil sittin ne tsakanina da mai kiran sunana, kuma ban sani ba ko zan tarar yana kira.